Taguwar Nauyi da Ɗaliban da Suka Bi Sawunta

Ran Litinin 14 ga watan Satumba 2015, wajen ƙarfe 10:50 na safe bisa agogon Nijeriya, wani motsi ya ratsa duniya. Ya bi ta Kafin Hausa da Dutse kamar yadda ya bi ta kowane gari, ya miƙar da ƙasa da gidaje da jikunan mutane, ya kuma tsuke su, amma ba mahalukin da ya ji, don ƙanƙantarsa ta wuce misali. Na'urori biyu kaɗai suka shaida wucewarsa, dukansu a ƙasar Amurka. Wannan motsi shi za a kira taguwar nauyi a cikin wannan takarda. Kusan shekara 100 masana suka yi suna gardama a kansa, suna nemansa, kafin su kama shi. Abin lura kuwa, waɗansu manyan matakai na wannan nema ɗalibai ne masu neman digirin dakta suka taka su, kuma duk ta hanya guda: ɗalibi ya ga wani ɗan saɓani a cikin awonsa, ya ƙi share shi sai ya san dalilinsa, sa'an nan a kai maganar gaban masana su tankaɗe ta su rairaye.

Maganar suna

Kafin a shiga labarin ya kamata a daidaita kalmomi. Ƙarfin nan da ke jawo mangwaro ƙasa in ya tsinke, shi ke kuma riƙe da wata kada ya rabu da duniya, waɗansu masu fassara su kan kira shi maganaɗisu. Wannan suna bai dace ba. Maganaɗisu ƙarfe ya ke ja, ba ruwansa da itace ko dutse, yana kuma da gefen da ke ja da gefen da ke turewa. Ƙarfin da a ke magana kuwa kome da kome ya ke ja, ba ya turewa ko kaɗan, yawansa kuma gwargwadon yawan jikin abu ne. Fuskarsa da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni ita ce nauyi, sabo da haka a nan za a ce jan nauyi, ko nauyi a taƙaice.

Tashi da saukar ruwa kuma, Hausa tana da suna uku a kansa: igiyar ruwa, raƙumin ruwa, da taguwar ruwa. In an ce igiyar nauyi, mai sauraro zai zaci wata igiya ce ta ɗaure kaya. In an ce raƙumin nauyi, sai ya tuna da raƙumin dako. Taguwa ita ce macen raƙumi, sai ka ce an dubi tozon ruwa ne aka sa masa sunan, amma yawancin mutane a yau sun fi saninta a ruwa ko a riga, ba kuwa wanda zai kawo riga a ransa in ana zancen taurari. Ita aka zaɓa.

Kalma ta uku ita ce ji. A Hausa a kan ji ƙara, a ji sanyi, a ji ƙamshi, a ji magana watau a fahimce ta. Taguwar nauyi ba haske ba ce balle a gan ta, ba ƙara ba ce kuma irin wadda iska ke ɗauka. Motsi ne da ke taɓa jikin na'ura. Don haka in aka ce an ji taguwa, Hausar ta zauna daram, ba a bukatar wani aro.

Asalin taguwar

A 1687 Isaac Newton na ƙasar Ingila ya fitar da lissafin jan nauyi, lissafin kuwa ya yi aiki ƙwarai a kan tafiyar wata da duniyoyi. Amma bisa ga lissafinsa, ja yana isa ko'ina nan take, kome nisa. A 1915 Albert Einstein, yana zaune a birnin Balin na Jamus, ya kawo bayani dabam. Ya ce sarari kansa, haɗe da lokaci, abu ne mai lanƙwasuwa, nauyi kuwa shi ne wannan lanƙwasa.

Ga misali. Mutum huɗu su kama kusurwoyin gwado su ja shi ya yi tsai, a ɗora dutsen guga a tsakiya. Gwadon zai lotsa. In aka gangara goruba a kai, ba za ta tafi sak ba, sai ta bi lotsawar ta riƙa kewaya dutsen. Haka rana ta lotsa sarari, duniya ke kewaya ta. To, in duwatsu biyu ne a kan gwadon suna kewaya juna da sauri, gwadon zai kama rawa, rawar ta bazu zuwa gefe, kamar yadda ruwan kogin Kafin Hausa kan yi da damina in yaro ya jefa tsakuwa. A 1916 Einstein ya lissafa cewa sarari ma haka ya ke yi, rawar kuma tana tafiya da gudun haske, watau kilomita 300,000 a sakan guda. Duk abin da ta ratsa sai ta miƙa shi ta wannan fuska ta tsuke shi ta waccan, sa'an nan ta juya, kamar faifai ya koma siffar ƙwai a tsaye, ya sake komawa siffar ƙwai a kwance.

Gardamar masana

Masana ba su karɓi wannan magana da hannu biyu ba. Waɗansu suka ce taguwar a takarda kurum ta ke, dabarar lissafi ce ta haife ta. Einstein kansa ya yi kokwanto: a 1936 shi da Nathan Rosen suka rubuta takarda cewa babu ita, sai wani masani da aka ba ya duba ya gano kuskure a lissafin, Einstein ya gyara, takardar ta fito a 1937 da akasin maganar farko.

A taro aka warware gardamar. Cikin watan Janairu 1957 masana suka hallara a garin Chapel Hill na Amurka. Felix Pirani ya nuna yadda taguwar ke matsar da abubuwa biyu kusa da juna ta kuma nesanta su. Richard Feynman ya ɗora misali a kai: a sami sanda a zura mata zobba biyu. In taguwa ta wuce, zobban za su goga a jikin sandar, gogayya kuwa tana haifar da zafi. Abin da ke iya ɗumama sanda lalle yana ɗauke da ƙarfi, abin da ke ɗauke da ƙarfi kuwa akwai shi.

Cikin mahalarta taron akwai Joseph Weber. Ya koma ya ƙera manyan sandunan alminiyam don su yi rawa in taguwa ta taɓa su, a 1969 ya ba da sanarwa ya ji ta. Waɗansu masana a ƙasashe dabam dabam suka ƙera irin na'urarsa, suka saurara, ba su ji kome ba. Da aka yi ta baje hujjoji a tarurruka, sai maganarsa ta faɗi. Wannan ita ce al'adar taron masana: girman mai magana ba ya tsai da magana, sai in wani ya maimaita awon ya sami abin da aka samu.

Okoye da Bell

Hujja ta farko daga wata ƙofa ta zo, ƙofar sauraron sama da na'urorin rediyo, a bakin ƙofar kuwa akwai ɗan Nijeriya. Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya yi karatun dakta a Jami'ar Kambirij ta Ingila a hannun Antony Hewish. Suna binciken wani gajimaren iska mai haske da a ke kira Ƙaguwa, ɓurɓushin tauraron da masanan ƙasar Sin suka ga fashewarsa a 1054. Cikin 1964 da 1965 Okoye da malaminsa suka lura da wani ɗan ɗigo a cikin gajimaren, ƙarami ainun, amma yana fitar da rediyo mai ƙarfin da ba a san abin da zai iya kawo shi ba. Suka buga abin da suka gani, ko da ya ke a lokacin ba mai bayaninsa. Okoye ya sami digirinsa a 1965, ya komo gida, daga baya ya kafa binciken sararin sama a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Ya rasu a 2009.

A 1967 wata ɗalibar Hewish, Jocelyn Bell, tana duba dogayen takardun da na'ura ke zana wa layi, sai ta ga wani ɗan tsagin zane wanda bai yi kama da tauraro ba, bai kuma yi kama da hayaniyar mota ko injin ba. Ta tuna ta taɓa ganinsa daga wannan sashe na sama. Ta bi shi har ta gane bugu ne mai maimaituwa, sau ɗaya kowane sakan ɗaya da sulusi, ba ya ƙetare lokacinsa. Aka buga labarin a watan Fabrairu 1968.

Abin da ta gano shi za a kira tauraro mai bugu. In babban tauraro ya ƙare makamashinsa ya fashe, cibiyarsa ta kan dunƙule ta zama curi mai faɗin kilomita 20 ko kusa da haka, alhali nauyinsa ya fi na rana. Cikin cokalin shayi guda na jikinsa ya haura ton miliyan 1,000. Yana juyawa kamar mazari, yana feso rediyo ta fuska biyu, duk sa'ad da feshin ya haska duniya sai na'ura ta ji bugu. A 1968 aka sami irin wannan tauraro a tsakiyar Ƙaguwa, yana juyawa sau 30 a sakan, shi ne ɗigon nan da Okoye ya gani. A 1974 aka ba Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel, ba a sa sunan Bell ba, abin da ya jawo magana mai yawa. A 2018 aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta ba da kuɗin duka don a ɗauki nauyin ɗalibai masu neman digirin dakta.

Aikin Hulse

Russell Hulse ɗalibi ne a Jami'ar Masacusets ta garin Amherst, malaminsa kuwa Joseph Taylor. Aikin da aka ba shi na digiri shi ne ya nemo sababbin taurari masu bugu da babban kaskon rediyo na Aresibo, a tsibirin Fotoriko, mai faɗin mita 305. Ya tsara wa wata ƙaramar kwamfuta yadda za ta tace hayaniyar sama ta fid da bugu, ya kuwa sami taurari 40 da ba a san su ba.

Ran 2 ga watan Yuli 1974, yana da shekara 23, ya ji wani bugu mai rauni ƙwarai, sau 17 a sakan. Ran 25 ga Agusta ya koma ya auna tsakanin bugu da bugu, da farkon sauraro da kuma bayan sa'a biyu. Awon biyu suka saɓa da kashi 27 cikin miliyan na sakan. Ga mai kallo wannan ba kome ba ne, amma ga tauraro mai bugu babban abu ne, gama irin waɗannan taurari sun fi yawancin agogon ɗan Adam riƙe lokaci. Hulse ya zaci na'urarsa ce ke da aibu. Ya sake awo, ya sake tsarin kwamfuta, saɓanin yana nan. Kaskon Aresibo kuwa a kafe ya ke cikin kwari, ba ya iya bin tauraron sai kamar sa'a biyu a yini, sabo da haka dole a jira gobe.

Da ya jera awon kwanaki, sai ya ga canjin yana da tsari: siffa ɗaya ce ke maimaituwa, kowace rana tana zuwa da wuri da minti 45. Na'ura mai aibu ba ta yin haka. A tsakiyar Satumba ya ga tsakanin bugun ya gama raguwa ya juya yana ƙaruwa, nan ya tabbata tauraron kewaya wani abu ya ke yi. Misalinsa mai kalangu ne da ke kewaya filin idi a kan doki yana kiɗa ba sauri ba nawa. In ya fuskanto mai sauraro, bugun ya kan iso kusa da kusa. In ya ba da baya, sai ya iso a warwatse. Lissafi ya nuna kewayen sa'a 7 da minti 45 ne. Kewaye uku sun zama sa'a 23 da minti 15, ragowar yinin kuwa shi ne minti 45 ɗin nan. Abokin kewayen kuma wani dunƙulallen tauraro ne, kowannensu ya kusa nauyin rana ɗaya da rabi, suna gudun ɗaruruwan kilomita a sakan. Hulse ya aika wa malaminsa, Taylor ya zo tsibirin da kayan awo mafi kyau, suka buga takardarsu a farkon 1975.

Taron Munik

Masana suka gane nan da nan abin da aka samu: duwatsu biyu ne a kan gwado, ɗaya kuma yana rataye da agogo. In maganar Einstein gaskiya ce, taurarin nan suna zubar da ƙarfi ta hanyar taguwa, don haka dole su riƙa matsowa kusa da juna, kewayensu ya riƙa gajarta. Taylor da abokan aikinsa suka shekara huɗu suna awo. A watan Disamba 1978, a taron masana da aka yi a birnin Munik na Jamus, Taylor ya tashi ya nuna cewa kewayen yana gajarta daidai gwargwadon da lissafin ya faɗa. Ragin kashi 76 ne cikin miliyan na sakan a shekara, taurarin kuma suna matsowa da mita uku da rabi a shekara. Da yayyafi kogi kan cika: cikin shekara 30 ragin ya taru har tauraron ya riga lokacinsa na da da kusan sakan 40, awo da lissafi kuwa ba su saɓa da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Bisa wannan tafiya, taurarin za su haɗu nan da shekara miliyan 300.

A 1993 aka ba Hulse da Taylor kyautar Nobel tare, ɗalibi da malami. Hulse kuwa tun 1977 ya bar ilmin taurari ya koma wani fanni na kimiyya a Princeton. Kaskon Aresibo ya rushe ran 1 ga Disamba 2020.

Jin taguwar kanta

Abin da aka nuna a Munik sawu ne, ba a ga mai sawun ba tukuna. Don a ji taguwar kanta aka gina na'urorin LIGO guda biyu, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, da kilomita 3,000 a tsakaninsu. Kowace tana da bututu biyu masu tsawon kilomita 4, sun haɗu a kusurwa kamar bangon ɗaki biyu. A kan raba hasken leza biyu, a tura cikin bututun, madubai su komo da shi. In taguwa ta miƙa bututu ɗaya ta tsuke ɗaya, hasken ba zai komo daidai da juna ba. Ƙanƙantar abin da a ke auna kamar a auna nisan duniya da tauraro mafi kusa bayan rana ne, a gane ya canja da kaurin gashi guda.

Motsin ran 14 ga Satumba 2015 ya fara isa Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na sakan ya isa Hanford. Ya fito ne daga baƙaƙen ramuka biyu, watau wuraren da nauyi ya tsananta har haske ba ya iya fita, ɗaya nauyin rana 36 ɗaya 29. Suka haɗu suka zama guda mai nauyin rana 62, ragowar uku suka tafi a taguwa, wadda ta yi tafiyar shekara miliyan 1,300 kafin ta iso. Masanan suka yi wata biyar suna bincike ko kuskure ne, sa'an nan suka sanar ran 11 ga Fabrairu 2016, a takarda mai ɗauke da suna kusan 1,000, da ɗalibai da yawa a ciki. A 2017 Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne suka sami kyautar Nobel.

Ran 17 ga Agusta 2017 kuma, LIGO tare da na'urar Virgo ta Italiya suka kama haɗuwar dunƙulallun taurari biyu, irin na Hulse, daga nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Wannan karo an ji an kuma gani, gama wuraren hangen sama kusan 70 sun kama hasken, har da na Sutherland a Afirka ta Kudu. Hasken ya nuna cewa a irin wannan haɗuwa a ke ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinariya. Zuwa watan Maris 2020 an ji haɗuwa 90. A 2023 kuma ƙungiyoyin da ke auna bugun taurari masu yawa a lokaci guda suka ba da alamar wata doguwar taguwa da ta cika sarari, a ƙarshen 2024 masu aiki da kaskunan MeerKAT 64 na Afirka ta Kudu suka kawo tasu alamar.

Abin da ya shafi ɗalibin Jigawa

An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda a ke kira Jami'ar Sule Lamido. Ɗalibin kimiyya na waɗannan wurare zai iya cewa wannan fage na masu bututun kilomita 4 ne. Amma masu LIGO da Virgo su kan saki awonsu a intanet kyauta ga kowa, har da na ran 14 ga Satumba 2015, kwamfutar hannu ta yau kuwa ta fi wadda Hulse ya yi aiki da ita nesa ba kusa ba. Abin da Okoye da Bell da Hulse suka kawo shi ne lissafi mai kyau, da haƙurin maimaita awo, da ƙin binne saɓani don a gama digiri da wuri. Ɗalibin da ya share lambar da ta dame shi don jadawalinsa ya yi kyau, yana iya share abin da za a tuna da shi a kansa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Ɗalibin da ya je taro ya yi jawabi da Turanci zai komo gida, ƙanensa na sakandare da mahaifinsa da limamin unguwa su tambaye shi abin da ya ke karantawa. In ba shi da kalmomin amsa, ilmin ya tsaya a bakin ƙofar jami'a. Kalmomin da aka yi aiki da su a nan, watau jan nauyi, taguwar nauyi, tauraro mai bugu, dunƙulallen tauraro da baƙin rami, shawara ce kawai. Hanyar tabbatar da su ita ce wadda aka bi da awon Weber da na Taylor: malaman Hausa da malaman kimiyya na Kafin Hausa da Dutse su zauna taro guda, a gwada kowace kalma a aji da gidan rediyo, wadda mutane suka ji a riƙe ta, wadda ta ruɗa su a nemi wata.